Shawul Mai Kala Biyu

Ni ban iya saƙa ba, ban kuma taɓa sha'awar in iya ba. Amma na zauna ɗaki ɗaya da mai saƙa tun gashina yana baƙi har ya zama abin da ya zama, saboda haka na san ƙarar kwarashi in ya faɗi a kan siminti, na san yadda zaren ulu yake kama kaushin ƙafar mutum ya bi shi har bakin masallaci bai sani ba. Matata ce mai saƙar. Hular jarirai, safa, 'yar riga, shawul na rufa yaro ranar suna, duk tana yi. Matan layinmu a Agege, Hausawa da Yarabawa, da wuya ka sami wadda ba ta taɓa rungumar ɗanta a cikin aikin hannunta ba. Ni dai abin bai taɓa shiga kaina ba, a ce gari irin Ikko, inda mutum yake kwana yana zufa, a naɗe jariri cikin ulu kamar za a kai shi Jos. Na faɗa mata sau ɗaya, ta ce ai ba ni za a naɗe ba. Ban sake magana ba.

Na zo garin nan da ƙuruciyata, da takardar firamare da ɗan guntun sakandaren da bai tsinana mini komai ba. Na yi gadi a wani kamfani a Ilupeju har aka rufe shi, aka sallame mu da godiya. Na hau okada har ranar da aka ƙwace ta aka cilla bayan mota ina kallo. Yanzu goron wasu nake ɗaurewa a kasuwa, in jiƙa ganye, in tsince mai tsutsa, in ɗaure huhu, mai kaya ya zo ya ce ban ja igiya da kyau ba. Waɗanda muka sauko mota ɗaya da su, wasu sun gina benaye, in sun gan ni a hanya sai su sauke gilashi rabi. Ba don a tausaya mini nake faɗar wannan ba. Don a gane ne cewa duk abin da na tara a garin nan mace ɗaya ce da 'ya ɗaya, 'yar kuma an riga an kai ta gidan wani a Ikorodu.

'Yar tamu ita ce ta fari, ita ce kuma Allah ya bar mana, don haka ni da uwarta ba ma kiran sunanta, sai dai mu ce yarinyar nan. Da cikinta ya fito, uwar ba ta ɗaga maganar ba, ni ma ban ɗaga ba. Sai wata safiya ina sa takalmi ta ce in na sami sarari in biya kasuwar Oshodi in sayo mata zare. Na ce na wa. Ta ce na wani aiki. Na san aikin.

Abin da ban tsaya na tambayi kaina ba shi ne, me ya sa ni take aike. Duk shekarun nan ita take hawa motar hayar nan danfo ta je ta zaɓo zarenta da kanta, ta dawo tana zagin masu sayarwa. Na ɗauka ƙafa ce ta fara yi mata nauyi.

Na je Oshodi, na tsaya gaban rumfar wata mata, zare jibge kala-kala har yana sa mutum jiri. Na yi tunani irin na mai hankali, a ganina. Na ce fari ko ruwan hoda da mata suke so, kwana biyu a cikin danfo da hayaƙin janareta zai koma tsumma, ga ruwan wanki sayensa ake yi. Sai na nuna wani shuɗi mai duhu, wanda kaɗan ya rage ya zama baƙi. Matar ta tambaye ni ko na jariri ne, na ce ina ruwanta. Na kawo gida ina jin kaina. Matata ta zazzage ledar, ta shafa curin zaren, ta ɗauki ɗaya ta je bakin ƙofa da shi ta daɗe tana juyawa.

Ta ce, "Malam, wannan wace kala ce?"

Na ce, "Ba kya gani ne? Shuɗi ne. Ba ya nuna datti."

Ta ce, "Na gani. An gode, Allah ya ƙara buɗi."

Ɗakinmu shi ne na ƙurya a gidan, irin gidan nan mai dogon lungu da ɗakuna suna kallon juna. Taga ɗaya gare shi, ita ma tun da maƙwabci ya ɗora bene ta zama ado. Da tsakar rana in an ɗauke wuta sai ka lalubi takalminka. A nan take zama a gefen gado ta yi saƙarta, haka na saba ganinta, hannu yana gudu baki yana ba ni labarin wanda ya yi faɗa da wane a wajen famfo. Shawul ɗaya ba ya ɗaukarta wani lokaci mai tsawo.

Wannan kuwa ya ƙi tafiya. Ta ja sarƙar farko, ta hau layi, in na dawo da yamma in ga ya kai tafin hannu. Washegari in dawo in ga babu, ta warware, zaren ya koma curi. Da ta bar shi ya ɗan yi tsawo sai na ga abin da ban taɓa gani a hannunta ba. Gefe ɗaya yana tsukewa, ɗayan yana buɗewa, ga ramuka a inda bai kamata ba, shawul ya karkace kamar bakin mai shanyewar jiki. Ta shafa shi da yatsu, ta ji ba daidai ba, ta zare kwarashi ta ja zaren, ɓrrr, aikin yini ya tafi. Ta daina ba ni labarin famfo. In na yi magana sai ta ce in bari tana lissafi.

Wannan warwarar ce ta tsinka mini zuciya, kuma akwai dalili. Surukata, Allah ya jiƙanta, faifai take saƙawa a ƙauye, ba wanda ya kai ta. Lokacin da kanta ya fara taɓuwa, da haka ya fara. Ta yini tana ɗinkin faifai, da la'asar ta zauna ta warware shi tas, ta ce ba ita ta yi ba. Daga nan ta fara manta sunayen jikoki. Daga nan ta fara fita da rana tsaka tana neman gidan ubanta wanda ya rushe tun kafin a haife ni, har sai da aka riƙa sa mata sakata ta waje. Da muka je ganinta na ƙarshe, matata ta durƙusa a gabanta tana kuka, ita kuwa ta juyo ta tambaye ni wace ce wannan baƙuwar. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce gigin tsufa ne, alhali ba ta wani tsufa ba. Abin da kowa ya yarda da shi shi ne, irin wannan yana bin jini.

Da ka fara neman abu a jikin mutum kuwa, sai ka yi ta samu. Na tauna tsakuwa a shinkafa har haƙorina ya ɓalle, matar da take tsince shinkafa kamar mai neman zinariya. Wata rana ta zuba sukari a miyar kuka. Ta tsiyaya mini shayi rabi a kofi rabi a tabarma. Mijin yarinyar nan ya zo gaishe mu, ya tsaya a bakin ƙofa yana cire takalmi, ta dube shi ta ce wa ake nema. Sai Iya mai gidan da muke haya, wata dattijuwar Bayarabiya da suka shekara da shekaru suna musayar barkono da gishiri, ta tare ni a lungu ta ce me ta yi wa matata, sun haɗu a bakin titi ta ɗaga mata hannu, ta wuce ta kamar ba ta taɓa ganinta ba. Na ba ta haƙuri na ce ba ta jin daɗi ne. Iya ta dube ni ta ce pele, irin pelen da ake yi wa wanda aka yi wa rasuwa.

Ban tambayi matata komai ba. Mu ba masu zama a yi ta tone-tonen ciki ba ne, kuma gaskiya tsoron amsar nake ji. Yarinyar nan ce ta zo da tsohon cikinta, ta ga shawul ɗin, ta ga uwarta tana laluben murfin tukunya, ta fita bayan gida ta yi kukanta, sannan ta buga wa kawunta waya.

Yayan matata Alhaji ne, albasa yake saukowa da ita kasuwar Mile 12 a tirela, shi a gaba kusa da direba. Tun ranar da aka ba ni ƙanwarsa yake kallona kamar kuskuren da iyayensa suka yi. Ya zo ranar wata Juma'a bayan masallaci, ya cika mana kujerarmu guda ɗaya, ya ɗauki shawul ɗin da yatsa biyu ya duba, ya ajiye. Da zai tafi ya ce in taka masa. A bakin kwata ya tsaya.

Ya ce, "Irin na Inna ne. Bayan suna zan sauko da kaya, in na juya zan tafi da ita gida. Ka shirya mata."

Na ce zan iya riƙe matata. Ya ce da me. Ya ce ina fita tun asuba ba na dawowa sai magariba, wa zai tsare ta, ga layin dogo a bayan gida, ranar da ta fita neman gidan ubanta jirgi zan tambaya ko danfo. Na fi tsanar mutumin nan a ranar da yake da gaskiya.

Wanda bai zauna a nan ba ba zai gane nauyin kalmar nan ba, a kai shi gida. Mu 'yan Arewa da ke Ikko, in ciwo ya daɗe a jikin mutum, asibiti ya gagara ko aljihu ya gagara, ba a cewa ya kusa. Cewa ake yi a kai shi gida ya sha iska. A shimfiɗa masa tabarma a bayan motar da ta sauke kaya za ta koma, tsakanin kwandunan da babu komai, 'yan'uwa su tsaya a tasha suna cewa sai ka dawo. Na raka mutane da yawa haka. Ban tuna wanda na je tarowa ba. Sai dai waya ta yi ƙara wata rana a ce a yi haƙuri. Ita ma in ta tafi, na san ɗaki za a ba ta a bayan gidan Alhaji, da sakata ta waje, ni kuma in riƙa zuwa shekara-shekara da Sallah tana tambayar mutane wane ne wannan baƙon.

Ban gaya mata abin da muka yi da yayanta ba, amma sai na ga ta fara ninke zannuwanta tana jerawa a akwati. Ta ba Iya babbar tukunyarta ta ce ta ajiye mata. Ta nuna mini inda take ɓoye allura da zaren ɗinki, wai ko maɓallina zai cire. Na ce me ya kawo wannan, ta ce ba komai, gyara take yi. A tsakanin wannan duka kuma tana nan a gefen gado da shuɗin zarenta, ta saƙa ta warware.

Daga ƙarshe zaren ya gaji. Saboda yawan warwara ya yi gashi-gashi, ya nannaɗe kamar taliya, yana tsinkewa a hannunta. Ta samu ta tsayar da kamar rabin shawul, a karkace, ta ce sauran zaren ya mutu, ko zan ƙaro. Na koma Oshodi wajen matar nan. Ta ce wannan kalar ta ƙare, kuma ba ta sake sarowa ba don ba mai saye sai ni. Muka yi 'yar hayaniya. Na zaga rumfuna, kowa ya nuna mini shuɗin da bai yi kama da shi ba. Rana ta dake ni, ƙafata ta yi zafi, na ce a raina wai ni wahalar me nake yi, ko wanne na kai warwarewa za ta yi. Na koma na ce ta ba ni fari.

Kwana kaɗan bayan haka bayana ya riƙe, ban fita kasuwa ba. Na lallaɓa na tsallaka wajen mai shayin da ke kallon gidanmu na zauna a benci, don zaman ɗakin nan da rana yana ƙara wa mutum ciwo. Ita ta ɗauka na tafi aiki. Can sai ga ta ta fito da 'yar kujerarta, ta zauna a bakin ƙofar gida ƙarƙashin rumfar kwano, inda rana take faɗowa. Ta ƙulla farin zaren a bakin shuɗin, ta fara.

Na ajiye kofina. Hannun nan da na sani ne ya dawo. Kwarashi yana shiga yana fita, zare yana bin yatsanta, ta kai ƙarshen layi ta juya ta kamo wani, ba tsayawa, ba shafawa. Daga inda nake ina hango gefen farin yana tashi a miƙe kamar an sa magwaji. Sai dai ta kawo saƙar kusa da hancinta ƙwarai, kuma ta karkatar da kai gefe guda, kamar kaza tana kallon ƙwayar hatsi. Na ce a raina, mutumin da kansa ya taɓu, kalar zare ce za ta dawo masa da hankali?

Na tashi na tsallako a hankali, na tsaya a gabanta, tsakanina da ita bai fi tsawon tabarma ba. Ban yi magana ba. Ta ji inuwa ta rufe ta, ta ɗago, ta dube ni sosai a fuska.

Ta ce, "Sannu. Wa ake nema?"

Abin da nake gudu ke nan, ga shi ya same ni a bakin ƙofar gidana da rana tsaka. Ban san lokacin da na ce, "Ke," ba.

Nan take ta ce, "Malam? Ashe ba ka fita ba. Yaya bayan?"

Sai abubuwa suka fara haɗuwa a kaina, ni da ba saurin ganewa gare ni ba. Mijin yarinyar nan, ai yana yin sallama ta kira shi ta hau yi masa faɗan rashin zuwa. Iya kuwa daga tsallaken titi ta ɗaga hannu, ba ta yi magana ba. Gwangwanin sukari da na gishiri iri ɗaya ne. Na jawo wani bulo na zauna a gabanta. Na ce wace shekara muka shigo gidan nan. Ta ce shekarar da na ce wata uku kawai za mu yi mu koma ɗaki biyu. Ta ce ranar ana ruwa, katifa ta jiƙe a kan amalanke, ina sanye da rigar gadin kamfani wadda aljihunta ya yage, na yi faɗa da mai amalanken har Iya ta fito da muciya. Na tambaye ta ƙannen Inna, ta jero su da mazajensu da wadda aka saka da dalilin sakin. Na buɗe baki zan sake wata tambayar, ta ce wai jarrabawa ake yi ne, tana da aiki.

Na sa hannu a aljihu na ɗauko goro guda, na ɗaga shi a tsakaninmu.

Na ce, "Goron nan fari ne ko ja?"

Ta karkata kai. Ta miƙo hannu za ta karɓa, na janye. Matar mai ɗaurin goro, wadda take gane ɗaushe daga bakin ƙofa. Sai ta sauke hannun a kan cinyarta, hawaye suka zubo a kan farin zaren.

Ta ce tun bara ya fara, da idon dama, kamar hayaƙin ɗanyen itace, sannan ya kama na hagu. Ta ce yanzu mutane duk inuwa ne, sai sun yi magana suke zama mutane. Ta ce saƙar kwarashi dole ka ga ramin da za ka soka, shuɗin nan kuwa a cikin ɗakinmu kamar ta soka kwarashi a rijiya ne, da ƙirge da lalube take yi, in ƙirgen ya kuɓuce sai ta warware. Na ce to me ya hana ta ce in canzo zaren tun ranar farko.

Ta ce, "Ka taɓa sayo mini zare kafin wannan?"

Na bar wannan ta wuce. Na ce idon fa, me ya sa ta ɓoye. Ta ce ai ta ɗauka na daɗe da ganewa, shi ya sa muka yanke da Yaya a kai ta gida, don ta tsinci ƙarshen maganarmu ranar ta tagar banɗaki. Ta ce ba ta ga laifina ba, makauniya me za ta yi wa mutum a Ikko. So take kawai ta gama shawul ɗin yarinyar nan kafin motar ta zo.

Na ce, "Wa ya ce miki makanta? Mu cewa muka yi irin na Inna ne ya kama ki."

Hawayen suka tsaya cak. Ta ajiye kwarashi. Ta ce ita ce mahaukaciyar? Ta ce wato duk wannan lallaɓawar da nake yi mata, da ɓoye wuƙa da na yi a saman kwaba, da yarinyar nan da take yi mata magana a hankali kamar ga yaron goye, ashe kallon taɓaɓɓiya muke yi mata. Ta ce ni da Yaya da yarinyar nan, a cikinmu babu mai hankalin da zai buɗe baki ya tambaye ta. Ta shiga wanke ni tas, daga kan zaren da ta ce ko likkafani ba a yi da irinsa, har zuwa maganganun da na manta na taɓa yi.

Ni kuwa dariya ta kama ni. Na yi ta yi, bayana yana sara, na zame daga kan bulon na zauna a ƙasa ina yi. Mai shayi ya leƙo, Iya ta fito da zani a ƙirji, wataƙila ta ce yau kuma mijin ne. Rabona da irin wannan dariyar tun kafin a ƙwace okadata. Ido ne kawai. Ko da a ce ba zai warke ba, makauniya ai ana riƙe hannunta, ba ta fita neman gidan da ya rushe, kuma in na yi tari ta san ni ne. Duk zagin da take yi mini yana shiga kunnena kamar ana zuba mini ruwan sanyi a ka.

Muka je asibitin ido, muka yi layin da ake yi. Wata likita yarinya, ba ta fi 'yarmu ba, ta haska mata fitila ta ce yanar ido ce, ta nuna sosai, kuma ana cirewa. Ta juyo kaina ta yi mini faɗa da Turanci, da ta ga ina kallonta kawai ta koma Turancin buroka, wai oga me nake jira har ya kai haka. Ranar ko marina ta yi zan ce na gode. Mijin yarinyar nan ya tsaya a kan hidimar aikin, abin bai yi mini daɗi ba amma na haɗiye. Aka fara da idon dama, aka ce ɗayan sai wannan ya huta.

Da aka cire mata bandeji ta daɗe tana kallona. Na gyara tsayuwa ina jira in ji abin da za ta ce. Ta ce gemun nan yana son almakashi. Da muka dawo gida ta tsaya a tsakar ɗaki ta ce haka bangon nan ya yi baƙi muka zauna a ciki. Sannan ta ɗauko shawul ɗin ta shimfiɗa a gado, ta ga aikinta da idonta: rabi shuɗi mai duhu, a karkace, da ramuka kamar ɓera ya ci, rabi fari tas, a miƙe. Ta ce innalillahi, wannan ba zai fita da sunanta ba, ta kama bakin shuɗin za ta ja. Na fizge shi. Na ce an gama warwara a ɗakin nan. Muka yi ta ja-in-ja, daga ƙarshe ta yarda da sharaɗin za ta zagaye shi da farar geza ko zai rufa mata asiri. Bai rufa ba.

Na buga wa Alhaji waya na gaya masa, ya ce to, za dai a gani. Yarinyar nan ta sauka lafiya, namiji. Ranar suna a Ikorodu ya iso da babbar rigarsa, tun yana ƙofar layi matata ta hango shi daga cikin rumfa, ta tashi ta tare shi, ta gaishe shi, ta ce Yaya manja ya ɗiga maka a gaban riga. Ya duba, akwai. Daga baya ya ja ni gefe ya ce ai shi ma tun farko ya yi zargin ido ne. Na ce haka ne, Alhaji. Da zai koma, wurin da ya tanada mata a mota buhun garin rogo ya ɗora.

Aka fito da yaron a naɗe cikin shawul ɗin, yana zufa kamar yadda na faɗa tun shekarun baya. Ina daga waje ina jin mata suna dariya, wata tana tambaya ko sabon yayi ne. Na ji matata ta ce zaɓin kakansa ne, ku tambaye shi, shi ne ya san abin da ba ya nuna datti.

Ta karɓo tukunyarta daga wajen Iya, ta zazzage akwatin. Idon hagun har yanzu muna jiran a kira mu. Ta daina saƙa a ɗaki, bakin ƙofa take zama, kuma ta koma hawa danfo ta sayo zarenta da kanta, ta ce ba za ta sake aikena ba ko da duniya za ta tashi. Goro yana nan yadda yake, masu benaye suna nan suna sauke gilashi rabi. Wani lokaci in na dawo da sauran rana sai in rage tafiya, in zo in tsaya a gabanta shiru, ban san me ya sa ba. Jiya na yi, ko ɗagowa ba ta yi sosai ba, ta ce ta gan ni tun daga bakin kwata, in daina wannan abin, kuma in matsa na tare mata haske.